Kamu Uku da Na Yanke a Kaset ɗin Tumba

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Salisu,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Malbaza lafiya, kai da kayan aikinka. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da sharrin wuta da na ƙarfe da na mutum, ya sa shagon da za ka buɗe ya zama wurin cin halal. Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka zauna kan teburi, don ta san halinka da na ubanka.

Shekara bakwai muna gyaran bidiyo a teburi guda, ka san ni ba mai dogon zance ba ne. Abin da na iya faɗa maka da baki bai wuce "miƙo sukundireba" da "cire wuta tukuna" ba. Shi ya sa na rubuta. A ƙasan akwatin kayan aikinka, inda ka tsinci takardar nan, akwai kaset guda naɗe da farin ƙyalle. Kada ka sa shi cikin kowane inji sai ka karanta har ƙarshe. Ba nawa ba ne. Na wata tsohuwa ce a Tsarnawa, ana ce mata Tumba, kuma a cikinsa akwai hoton ɗanta da ya rasu, wanda ba ta da wani hotonsa a duniya. Shekara tara yana hannuna ba ta gani ba, kuma ni ne sanadi. Yanzu idonta na tafiya. Ina so ta gan shi kafin ya ƙarasa tafiya, kuma ba zan iya ni kaɗai ba.

Zan ba ka labarin daga fari, don kowane kuskure da na yi ranar kuskure ne da zai zo maka har kan teburinka.

Ranar kasuwa ce. Da hantsi Ɗanjuma mai gidan kallo ya shigo da bidiyonsa a ka, yana zufa. Ka san shi, mutumin da bai taɓa kawo gyara ba sai ya ce jama'a na jiransa. Ya ce injin yana karɓar kaset, ya yi minti biyu yana nuna hoto, sai ya tsaya. Na buɗe, na ga abin da na saba gani. 'Yar tayar nan mai lilo tsakanin kwarkwaro biyu, wadda ke juya wanda ke naɗe zaren kaset, robarta ta yi sulɓi tana ƙyalli. Bel ɗin ƙasa kuma ya saki, in ka taɓa shi da yatsa sai ya yi laƙo-laƙo. Ba ni da sabon ko ɗaya. Na ce masa sai an je Sakkwato.

Ya ce, "Haba Malam Isuhu, Sakkwato yau? Kai da ka iya dabara? Yi mani ta kwana biyu, in na samu sarari sai a canza."

Kalmar nan "ka iya dabara" ita ta ci ni. A lokacin ina jin kaina, don duk Konni an san wanda ya taso daga gyaran rediyo ya koma bidiyo ba tare da wani ya koya masa ba. Na ɗora butar shayi, na jefa bel ɗin cikin tafasasshen ruwa don ya tsuke, na goge robar tayar da sanfefa har ta yi kaushi. Na mayar, na taɓa da yatsa, na ji tana kamawa. Na ce masa ya dawo da la'asar.

Salisu, dabarar nan tana aiki, ba zan yi maka ƙarya ba. Tana yin mako, tana yin kwana uku, wani lokaci ba ta kai sa'a guda ba, kuma babu wanda ya isa ya gaya maka wanne za ka samu. In babu sabon bel, ka ce babu. In mai inji ya nace sai ka yi masa ta wucin gadi, ka yi, amma ka faɗa masa a gaban mutane cewa injin nan zai iya cin kaset ko yaushe, kada ya sa abin da yake ƙauna a ciki. Wanda ya yi fushi ya tafi wani shagon, bar shi ya tafi. Mutanen da suka fi yabon dabarata su ne suka fi zagina a tasha bayan mako guda.

Da na gama wannan sai na ga hanyar da sandunan ɗaukar zare suke bi ta bushe, tsohon giris ya daskare ya zama kamar ƙaro. Daidai ne a wanke a sa sabo. Ni kuwa ban wanke ba, na lafta sabo a kan tsoho, kuma na lafta da yawa, don a lokacin ina ganin inji kamar keke ne, in ya sha mai sai ya yi ta gudu. Bidiyo ba haka yake ba. Ka wanke tsohon giris tas da alkol na farmasi, irin wanda ake goge wurin allura da shi, ka ɗebi sabo da tsinken ashana, abin da ya tsaya a kan tsinken ya isa. Duk inda zaren kaset ke bi, da roba, da ganga mai karanta hoto, kada ko ƙanshin mai ya je wurin. Ita gangar ma, kada ka kusance ta da auduga. Na taɓa karya kan wata sabuwa fil da auduga ina gogawa sama da ƙasa, na kwana uku ina neman bakin da zan yi wa mai ita bayani. Farar takarda da ɗigon alkol, ka dafa a hankali, ka juya gangar da yatsa, shi ke nan.

Na rufe injin Ɗanjuma na ɗaure kusoshi. Ban gwada ba, don an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe.

Wajen azahar wata mata ta tsaya a bakin shago. Ba ta shigo ba sai da na ce bismilla sau biyu. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kaset.

Ta ce, "Kai na mai bidiyo? An ce mani kai ka sa mutum shi hito cikin tele."

Na ce ni ne.

Ta ce, "Ɗana na ciki. Sahabi. Abija yat tahi, can Allah ya yi mai cikawa. Abokin tahiyatai ya kawo man kayanai da wanga abu. Ya ce wurin suna anka ɗauke su, kowa na gaida gida."

Na yi mata ta'aziyya, na ce ta zauna. Ta zauna a bakin benci tana riƙe da kaset ɗin da hannu biyu. Ban tambaye ta komai ba, ita ta ci gaba da kanta.

"Ran da za shi tahi ban ce mai uffan ba. Hana shi niy yi, yaƙ ƙiya. Ya durƙusa bakin ɗakina yana jiran in sa mai albarka, ni ko ina daka, ban ɗaga kai ba. Har yat tashi. Shekara ukku ke nan, sai kayanai sunka zo. So nike in gane shi, ko sau guda."

Na ce mata babu wuta yanzu, ta bar kaset ɗin ta je ta yi cefanenta ta yi salla, kafin ta dawo an kawo. Ta miƙo mini. Har yanzu ina ganin yadda ta miƙo shi.

Ba ta daɗe da fita ba fanka ta fara juyawa. Injina na shago yana can a wargaje ina jiran wani ƙarfe, wanda ke haɗe a kan teburi na Ɗanjuma ne kawai. Ina da kaset ɗin gwaji guda uku a kan kanta, tsofaffin finafinan Indiya da ko an ci su babu mai kuka. Miƙa hannu kawai zan yi. Amma na ce a raina bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, in gwada injin, in kuma nemo mata daidai wurin da ɗanta yake don kada ta sha jira. Na ɗauka alheri nake yi.

Ga doka, kuma in ka manta duk abin da ke cikin takardar nan kada ka manta ita. Injin da ka taɓa cikinsa, ba ya ganin kaset ɗin mutane sai ya ci jarrabawa da naka. Murfi a buɗe, idonka a kan kwarkwaron da ke naɗe zare. Ka sa ya yi wasa, ka tura gaba, ka mayar baya, ka tsayar, ka fitar, ka sake sawa, sau goma. Ka gwada a farkon kaset, ka gwada a ƙarshensa inda kwarkwaro ya yi nauyi, don a can ne taya mai rauni ke tona kanta. Ka bar shi ya yi zafi ka sake. Fim in ya lalace akwai wani a kasuwa. Amma mutanenmu suna kawo kaset ɗin biki, da na dawowa daga Makka, da na 'ya'yansu da ke Abija da Libiya, kuma irin waɗannan guda ɗaya ne tak. Ka tambayi kowa me ke cikin kaset ɗinsa kafin ka karɓa.

Na sa kaset ɗin Tumba. Hoto ya fito tar. Taron suna ne a wani tsakar gida, 'yan ƙasarmu sun yi layi, ana miƙa musu abin magana ɗaya bayan ɗaya kowa na gaida nasa. Na tura gaba har na ji wani dogon saurayi mai wushirya ya faɗi sunansa. Na saurare shi daga fari har ƙarshe, bai fi minti guda ba. Sai na mayar baya kaɗan don in tsayar mata daidai inda zai fara, na sake danna wasa.

Ya karɓi abin magana ke nan hoto ya fara rawa. Na ji ƙas-ƙas-ƙas daga ciki. Tayar da na goge da safe ta saki, kwarkwaro ya tsaya cik, inji kuwa yana ta turo zare ba mai naɗewa. Da murfi a buɗe yake da na gani tun daƙiƙar farko.

Nan ma da sauran gyara, da na natsu. Abin da ake yi, ka zare wuta daga bango nan take. Ka buɗe murfi. Ka juya 'yar motar da ke tura sandunan da yatsa, a hankali, har su koma mazauninsu. Ka juya kwarkwaro daga ƙasa har zaren da ya zubo ya koma gida, sannan ka ɗago kaset. Minti goma ne, kuma zaren zai fito da ɗan ƙudundunewa kawai, a kalla a haka. Ni tsoro ya kama ni, na danna maɓallin fitarwa. Inji ya turo kaset, ƙofar kaset ɗin ta rufe a kan zaren da ke waje ta datse shi. Maimakon in tsaya, sai na ja. Na ji ya tsinke a hannuna. Da na buɗe, na tarar zaren ya naɗe jikin tayar matsewa, sauran ya kwanta male-male cikin giris ɗin da na lafta da safe. Duk inda ka ji inji ya riƙe abu, akwai dalili, ka nemi dalilin. Ƙarfi bai taɓa gyara mini komai a teburin nan ba.

Na tura zaren cikin kaset na rufe, na share hannuna. Ta dawo da ɗan ƙullin gishiri da daddawa, ta tsaya tana kallon tele.

Ta ce, "An kawo wutar?"

Na ce, "An kawo, Inna. Amma kaset ɗin ga ya lalace tun can. Zahin mota ya narke shi. Mutanen Abija ba su sayen kaset na ƙwarai."

Ta ce, "Ko kaɗan bai hito ba?"

Na ce, "Ko kaɗan. Ki bar shi nan in gani ko da dabara."

Ta ce, "To, Allah bai nuhe ni da ganinai ba. Na gode, Malam. Allah shi yi ma albarka." Ta sa mini albarka, Salisu, ta tafi.

Duk kurakuran da na lissafa maka na hannu ne, kowane mai gyara ya yi irinsu. Wannan na ƙarshe shi ne nawa. Na ji tsoron a ce Malam Isuhu ya ci kaset ɗin mamaci ranar kasuwa, shago cike da mutane. Kuma ka duba abin da ƙaryar ta jawo. Da na ce mata ni na lalata, da ta yi kuka, wataƙila ta zage ni, amma da na zaunar da ita na faɗa mata abin da ɗanta ya ce, don na ji shi da kunnena. Da na ce bai fito ba ko kaɗan, sai na rufe wa kaina baki. Ba yadda zan ce na ji maganarsa ban tona kaina ba. Ta dawo sau biyu cikin shekarar, ina ce mata ana nan ana nema. Daga baya ta daina zuwa, ni kuma na ji sauƙi, kuma ina jin kunyar wannan sauƙin fiye da komai.

Za ka lalata kayan mutane, babu makawa. Ranar da ya faru, ka faɗa kafin mai kaya ya gama zama. In ka bari ya zauna, ka gaisa da shi, ka tambayi gida, bakinka zai nemo wata maganar.

Innarka kaɗai ta sani. Ita ta ga kaset ɗin cikin akwatin tufafina ta tambaya. Da na gaya mata ba ta yi mini faɗa ba, ta ce kawai, "Tsarnawa dai ba Makka ba ce." Sau biyu ina zuwa tasha in dawo.

Watan jiya na gan ta a kasuwa wajen masu wake, wata jikarta na riƙe da hannunta. Na so in ratse, sai mai waken ya kira sunana da ƙarfi. Ta juyo.

Ta ce, "Mai bidiyo na? Na gane muryakka. Kana lahiya? Ya ɗiya?"

Na ce lafiya lau. Na tambayi idon.

Ta ce, "Guda ya tahi, gudan na biye. Da hantsi ina ganin mutum in ya matso. Kaset ɗin nan dai ba a samu dabara ba ko?" Tana murmushi ta faɗa, kamar mai neman ta sauƙaƙa mini.

Na ce mata, "Ana nan ana nema."

Da na koma gida na fito da shi. Na kwance kusoshi biyar da ke riƙe da kaset ɗin, na warware zaren a kan farin ƙyalle. Wurin da ya sha giris kuma ya yage ba ya ceto, na yanke shi, kamu uku cif. Na haɗa bakin biyu ta bayan zaren da siririn salatif. Hannuna rawa yake yanzu, ka sani, sai da na yi sau huɗu kafin ya zauna daidai. Ban gwada ba, don injina biyu masu kyau na ba ka, kuma ba zan sake sa shi cikin wanda ban yarda da shi ba.

Ga abin da nake roƙonka. Ka gwada injinan biyu yadda na faɗa maka. Ka haɗa su, ka sayi sabon kaset, ka kwafe na Tumba a kai, murfi a buɗe, yatsanka kusa da wuta. Mahaɗin da na yi sau ɗaya nake so ya wuce kan ganga, don irinsa yana iya kama kai ya karya. Daga nan ka naɗe tsohon ka ajiye, da sabon za mu yi aiki. Ka nemi aron ƙaramin janareta, ka zo da tele ɗin nan babba, ba ƙaramar ba, saboda idonta. Juma'a ta sama in Allah ya kai mu, ka taso daga Malbaza, ni in taso daga Konni, mu haɗu a bakin hanya a Tsarnawa da sassafe, don da hantsi take gani. Kada ka ɗaga ranar saboda aiki ya yi maka yawa.

Za ta gan shi tsaye a layi yana tafi, za ta gan shi yana dariya da na kusa da shi, za ta ga ya miƙa hannu ya karɓi abin magana. Daga nan hoto zai yi tsalle, sai wani mutum. Maganarsa duka tana cikin kamu ukun da na yanke. A wurin nan za ka tsayar da inji, ni kuma in durƙusa in gaya mata abin da na yi. Aikina ne, ba naka ba. Amma na san kaina, na ga yadda bakina ya yi a kasuwa watan jiya. In ya sake ƙi, ko Allah ya yi ikonsa a kaina kafin ranar, to ba wanda ya rage a duniya da ya ji maganar nan sai takardar da ke hannunka. Ka karanta mata yadda take, kada ka gyara, kada ka ƙara. Ya ce:

"Inna, ni na, Sahabi. Lahiyata lau, kak ki ga na rame, aiki na. Inna, na ga gumbad da kinka sa man ƙasan jikka. Sai da munka wuce Dosso nig gane ta. Ni ɗai nic cinye ta, ban ba kowa ba."

Sai ya yi dariya ya miƙa wa na gaba.

Ba ta gaya mini zancen gumba ba ranar da ta zo. Ina jin ba ta gaya wa kowa ba, kuma shekara goma sha biyu ke nan ba ta san ko ya gani ba.

Allah ya tsare ka, ya tsare hannunka da harshenka, ya sa ka fi ubanka. Allah ya bar wa Tumba sauran ganinta har mu iso. Ya kai mu Juma'a lafiya, ya dawo da kowa gidansa lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Isuhu mai gyaran bidiyo, Birnin Konni.